Kafson Antioksidan: Kimiyyar da Aka Daina Karantawa a Tsakiya

Duk mai tallar garin zogale a leda mai sheƙi, ko shayin ganye, ko ƙwayoyin bitamin masu tsada, da makami ɗaya yake fitowa yanzu: antioksidan. Wai yana wanke jini, yana hana tsufa, yana korar kansa. Abin haushin shi ne 'yan boko ne suka fi haɗiye zancen, su ne kuma ke yaɗa shi a WhatsApp da sunan kimiyya. Alhali kimiyyar ta sa maganar a sikeli shekara talatin da suka wuce, ba ta yi nauyi ba.

Tushen tunanin ba shirme ba ne. A 1956 wani masani Ba'amurke, Denham Harman, ya ce idan jiki na ƙona abinci da iskar oksijin, akwai ɓurɓushin sinadarai da ke fita suna cin ƙwayoyin halitta yadda tsatsa ke cin ƙarfe. An kuma lura masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da ciwon zuciya ba. Sai aka ce to, a tsamo sinadaran da ke dakushe ɓurɓushin nan, wato antioksidan, a ɗura a kafso, kowa ya huta da cin rama.

Da aka gwada a jikin mutane, labari ya sha bamban. A Finland an ɗauki maza mashaya sigari sama da 29,000, aka ba wasu beta-karotin, sinadarin nan na karas da manja, wasu kuma ƙwayar bogi. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wajen waɗanda suka sha na gaskiyar. A Amurka ala tilas aka dakatar da irin wannan gwaji a 1996, kafin wa'adinsa, don ƙarin ya kai kashi 28. A 2011 wani gwajin na maza sama da 35,000 ya gano bitamin E ya ƙara kansar furostet da kashi 17. Ina mai tallar da ya taɓa karanta maka waɗannan?

Wani dalili da ake zato kuwa, ɓurɓushin da ake ta tsine wa, ma'aikata ne a jiki. Da su fararen ƙwayoyin jini ke hallaka ƙwayoyin cuta. Da su tsoka ke sanar da jiki cewa an motsa, ya ƙara ƙarfi. Wani bincike a Jena ta ƙasar Jamus a 2009 ya nuna bitamin C da E sun toshe wani sashe na amfanin motsa jiki a wajen samarin da suka sha su.

Hatta alƙaluman da 'yan kasuwa ke tinƙaho da su, wai kaza ya ninka lemu sau kaza, a kwalbar ɗakin gwaji aka auna su, ba a cikin ɗan Adam ba. Ma'aikatar noma ta Amurka da kanta ta sauke jadawalinta na waɗannan alƙaluman a 2012, ta ce ana fakewa da shi ana talla.

Kada wani ya ce na zagi zogale. A ci kwaɗonsa, a sha miyar kuka, a ƙoshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa take so mutum ya ci a kullum, amma abinci ta ce, da dusarsa da ruwansa, ba kafso ba. Zobo ma an ga alamar yana ɗan sauke hawan jini a ƙananan gwaje-gwaje, sai dai ba wanda aka narka wa rabin gwangwanin sukari ba.

Wanda nake jiye wa tsoro shi ne mai ciwon suga ko hawan jini da zai ajiye maganin likita, ya kwashe kuɗin cefanen gidansa ya sayi ganyen da ke tsaye a bayan ɗakinsa, don kawai an niƙa shi an manna masa takarda da Turanci.