Faɗin Allo Ba Shi Ne Ingancin Talabijin Ba

Matashin Babban Duhu da ya sayar da gero domin buɗe ɗakin wasan PlayStation, kada ya bari faɗin allo ya ruɗe shi a kasuwar Katsina. Tsakanin ganin ido da motsin yatsa, jikinmu kan ɗauki kimanin rubu'in daƙiƙa. Talabijin mai nuna hotuna 60 a daƙiƙa kan sauya hoto kusan kowane milisakan 17. Idan ya yi nawa, jinkirinsa sai ya hau kan namu, ƙwallo ta shige raga kafin gola ya motsa, 'yan wasa su ƙaurace. A ganina, a tafi shago da na'urar wasan, a kunna tsarin Game Mode, a gwada kafin a biya. Gani ya kori ji.