Bindiga a ƙasar Gure: sai da iznin hukuma

A ƙasar Gure, cikin jahar Damagaram, makiyayi ba ya rabuwa da sandarsa, matafiyi kuma da takobinsa ko wuƙar damtse. Wannan al'ada ce tun kaka da kakanni. Amma hukuncin bindiga daban yake. Tun shekara ta 1963 gwamnatin Nijar ta kafa doka game da shigowa da makamai, da sayar da su, da riƙonsu. Farar hula ba shi da ikon aje bindiga sai da takardar izni daga ma'aikatar cikin gida, kuma ba shi da ikon miƙa ta ga wani bisa ganin damarsa. Wanda aka kama da ita ba takarda, za a ƙwace ta, a gurfanar da shi gaban shari'a.

Dalilin wannan tsanani ba ɓoyayye ba ne. Tawayen shekarun 1990 ya bar makaman yaƙi a hannun jama'a a arewa da gabashin ƙasa. Don haka aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, a 1994. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ran 24 ga Afrilu 1995, sa'an nan ran 25 ga Satumba 2000 aka ƙone bindigogi fiye da dubu a Agadas. Sai ga faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011, rumbunan makamai suka buɗe, hanyoyin Sahara suka sake kwararo da su.

Makiyayin da ke arewacin Gure, wajen Tasker da duwatsun Tarmit, yana da hujjarsa: ɓarawon raƙuma ba ya neman izni, jandarma kuma yana nesa. Maganarsa abin saurare ce. Amma bindigar da aka saya domin ɓarawo, ita ce ake ɗaukowa ranar da gardama ta tashi a bakin rijiya, ko ranar da dabba ta shiga gona kafin a kwashe hatsi. Rigimar da a da sarki ke kashewa da biyan ɓarna, sai ta koma zancen rai da ramuwa tsakanin dangi biyu.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan kowa. Mai bindiga ba takarda ya kai ta ga hukuma, ta hannun mai gari ko sarkin ƙasarsa. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su karanta wa maƙwabtansu wannan bayani. Hukuma kuwa, tun da ta hana talaka makami, wajibinta ne ta tsare shi: a yawaita sintiri a rijiyoyi da kasuwannin dabbobi, a bi sawun ɓarayi, a mayar wa mai dukiya da dukiyarsa, kuma a hukunta babba kamar yadda ake hukunta ƙarami. Idan makiyayi ya ga haka, shi da kansa zai kawo bindigar.