A Kori Baƙon Da Ba A Gayyata Ba Daga Kwamfutocin Ofisoshi Da Makarantu

Akwai wata cuta da ta zama ruwan dare a ofisoshin Gwamnati da ɗakunan kwanan ɗalibai, wadda saboda sabo da ita mutane da yawa sun daina ɗaukarta a matsayin cuta. Ma'aikaci zai buɗe burauza domin ya aika wasiƙar ofis, sai ya tarar shafin farko ya sauya, wurin bincike ya koma wani wanda bai taɓa jin sunansa ba, tallace-tallace kuma suna ta ɓullowa ta kowace kusurwa. Wani lokaci manhajar tsaro takan yi gargaɗi cewa burauzar tana ƙoƙarin tuntuɓar wani baƙon adireshi, alhali mai kwamfutar bai taɓa komai ba. Abin da akasari ake yi shi ne a rufe gargaɗin a ci gaba da aiki. Wannan sakaci ne mai tsada, kuma lokaci ya yi da za a daina shi.

Burauza ba ta zuwa inda ba a aike ta ba. Idan aka ga tana kai da komowa zuwa wani adireshi a ɓoye, to akwai wata manhaja a cikin na'urar da ke aikenta. Irin waɗannan manhajoji sukan shigo ne a maƙale da wasu abubuwa na kyauta da ake saukowa da su daga intanet, ko a cikin manhajojin sata da ake kwafa daga filashi zuwa filashi, ko kuwa ta ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza da sunan fassara ko sauko da bidiyo. Wata kan zo da kamannin sanarwa cewa burauzar ta tsufa, a danna nan a sabunta ta. Da zarar ta zauna, aikinta biyu ne: ta aika wa iyayen gidanta labarin shafukan da ake ziyarta, ta kuma karɓo umarni daga gare su. Wanda ya iya aiko da talla yau, gobe yana iya aiko da abin da zai kwashe kalmomin sirri.

Tarihi ya nuna cewa wannan ba zargi ba ne kawai. A watan Nuwamba na 2011 hukumar FBI ta Amurka ta bayyana kama wasu mutane shida a ƙasar Istoniya saboda wata manhaja mai suna DNSChanger, wadda ta shiga kwamfutoci kimanin miliyan 4 a ƙasashe fiye da 100. Aikinta shi ne ta sauya wurin da kwamfuta ke tambayar adireshin shafuka, ta yadda mai neman wani shafi sai a karkatar da shi zuwa wani dabam. An ƙiyasta cewa sun tara wajen dala miliyan 14 daga kuɗin talla. A 2015 kuma aka gano cewa kamfanin Lenovo ya sayar da wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka ɗauke da manhajar talla mai suna Superfish, wadda ke shiga tsakanin burauza da shafukan da ke da kariya, har da na bankuna. A 2017 kamfanin ya amince ya biya jihohin Amurka 32 dala miliyan 3.5. Bugu da ƙari, a watan Fabrairu na 2020 kamfanin Google ya cire ƙananan manhajoji fiye da 500 daga rumbun burauzar Chrome, bayan masu bincike sun gano suna tura mutane zuwa shafukan zamba, suna kuma kwasar bayanansu.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta lalata kwamfuta nan take. Na'urar tana aiki, sai dai ɗan nauyi da yawan talla. Wannan shi ne sirrin daɗewarsu. Ga ma'aikacin Gwamnati kuwa, abin da ke cikin haɗari ba nasa ba ne shi kaɗai. A kwamfutarsa akwai jerin albashi, da fayilolin ma'aikata, da takardun kwangila waɗanda ba a riga an bayyana su ba. Ɗalibi kuma da burauzar nan yake rajistar jarrabawa, da ita yake biyan kuɗin makaranta. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma ma'aikatun Gwamnati ba su kuɓuta daga wannan alhaki ba.

Maganin bai fi ƙarfin mai matsakaicin sani ba, muddin aka bi shi daki-daki. Da farko a duba jerin manhajojin da ke cikin kwamfutar bisa ranar shigowarsu, a cire duk wadda ba a san da ita ba, musamman wadda ta shigo a ranar da matsalar ta fara. Na biyu a buɗe jerin ƙananan manhajojin da ke liƙe da burauza, a tsige duk wadda ba a bukata. Sannan a duba shafukan da aka ba izinin aiko da sanarwa a soke na baƙi, domin tallace-tallace da yawa ta wannan ƙofa suke shigowa. Bayan haka a mayar da burauzar kan saitinta na asali. Sai a binciki na'urar gaba ɗaya da manhajar tsaro ta gaskiya, kamar Microsoft Defender da ke zuwa tare da Windows, ko AdwCleaner wadda aka yi ta musamman domin irin wannan shara.

Idan gargaɗin ya ci gaba, to baƙon ya bar wani reshe a ɓoye. A nan ya kamata a nemi masani ya duba saitin DNS, da ayyukan da aka tsara su tashi da kansu idan an kunna kwamfuta, da kuma na'urar da ke rarraba intanet a ofis, domin ita ma akan sauya mata saiti. Haka kuma wanda ya haɗa burauzarsa da asusunsa ya sani cewa abin da ya tsige a wannan na'ura yana iya dawowa daga wata, sai ya share su duka. Daga ƙarshe a sauya kalmomin sirri na imel da na banki, amma daga na'urar da aka tabbatar da tsabtarta. Gargaɗi ɗaya ya zama wajibi: duk shafin da ya ɓullo yana ihu cewa ya ga cuta a kwamfuta, a sauko da maganinsa, to shi ne cutar.

Duk da haka, ba daidai ba ne a bar wa ƙaramin ma'aikaci wannan nauyi shi kaɗai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ofishin da ke aiki da manhajar sata, ko da Windows 7 wadda kamfanin Microsoft ya daina yi mata gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, shi ya tsaga bangonsa da hannunsa. Ita ma Windows 10 gyaranta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Wajibi ne manyan sakatarori da shugabannin sassa su sa kuɗin manhajoji masu lasisi a cikin kasafinsu, su kuma hana kowa shigar da manhaja a kwamfutar ofis sai jami'in da aka ɗora wa wannan aiki. Ya kamata ma'aikaci ya san wanda zai kai wa rahoto idan ya ga gargaɗi, ba tare da tsoron za a tuhume shi ba, domin tsoron tuhuma shi ke sa a yi shiru har ɓarna ta yi nisa.

Hukumar NITDA da cibiyar ngCERT, wadda ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro, za su yi wa jama'a babban amfani idan suka yawaita bayani a kan wannan al'amari cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, ta rediyo da jaridu. Jami'o'i da kwalejoji kuma su sa shi cikin darasin kwamfuta da ake koya wa sababbin ɗalibai. Dukiyar Gwamnati ba ta tsaya ga motoci da gine-gine ba, har da bayanan da jama'a suka damƙa mata amana. Ma'aikacin da ba zai tashi daga ofis ya bar akwatin fayil a buɗe ba, bai kamata ya bar burauzarsa tana zance da baƙo a bayan idonsa ba.