CIYAMAN ƊIN NAMU NE KO NA GWAMNA?

 Yau na ajiye alƙalamin soyayya gefe guda, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da ƙananan garuruwanmu na karkara suke ciki a hannun ƙananan hukumomi.

Ni ɗan irin wannan gari ne, ba sai na faɗi sunansa ba, kowa ya sa sunan nasu garin zai ga ya yi daidai. Kasuwa ce mai ci mako-mako, da tasha, da firamare, da asibitin sha-ka-tafi, sai sakatariya a bakin titi ta sha fenti. Shiga cikinta ranar Talata da hantsi, ofisoshi a garƙame, akuyoyi ne kwance a baranda. Ciyaman yana babban birnin jiha, can ya sayi gida, can 'ya'yansa suke makaranta, ba a ganin ƙurar motarsa sai ƙarshen wata.

Alhali kuwa ba don haka aka yi abin ba. A 1976 aka yi gyaran da ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, don a kawo gwamnati kusa da talaka. Yau muna da guda 774, Kano kaɗai tana da 44. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kula da kasuwa, da tasha, da mahauta, da maƙabarta, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa, ya kuma ba su hannu a harkar firamare da lafiya. Kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya nasu ne. To jama'a, don Allah ina kuɗin suke shiga? Mai karɓar kuɗin rumfa bai taɓa fashin ranar kasuwa ba, amma ruwan sama ɗaya za a yi kasuwar ta koma fadama.

Idan ka tambayi ciyaman sai ya ce hannunsa a ɗaure yake, kuɗin suna maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Akwai gaskiya a maganarsa. Shi ya sa da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomi, mutane suka yi ta murna har da guɗa.

Ni dai ban taya su ba. Wata uku kacal bayan hukuncin, a Oktoban 2024, aka yi zaɓe. A Kano jam'iyyar gwamna ta cinye kujerun ciyaman 44 gaba ɗaya, a Jigawa 27, a Kaduna 23, ko ɗaya ba a bari ba. Hukumar zaɓen kuwa gwamna ne yake naɗa ta. Kantoma ne ya sake riga kawai. Wanda gwamna ya ɗauko ya ɗora, ko a aljihunsa ka zuba kuɗin, da ƙafarsa zai kai su gidan gwamnati yana godiya. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Saboda haka ni a ganina 'yancin ƙaramar hukuma ba a banki yake ba, a akwatin zaɓe yake. A raba gwamnoni da gudanar da wannan zaɓe. A tilasta wa ciyaman da kansiloli kwana a cikin mutanen da suke mulka, su sha ruwan da muke sha, matansu su haihu inda namu suke haihuwa. Duk wata a liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar sakatariya, da Hausa, kowa ya karanta.

Mu ma mutanen gari mu daina sayar da bakinmu a kan sabulu da taliya. Ciyaman ɗanmu ne, mun san gidan ubansa, idan ya zo ta'aziyya ko ɗaurin aure a tambaye shi maganar rijiyar burtsatse a gaban dattawa.

Allah ya sa mu gane. Wassalam.