Makamin Leza a Teku: Ga Araha, Amma da Sauran Rina a Kaba

Tun ƙarshen 2023, lokacin da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya, sojojin ruwan Amurka sun riƙa harba makamai masu linzami na kusan dala miliyan 2 domin kakkaɓo jirage marasa matuƙa masu araha. Wannan asara ta ƙara karkato hankula kan makamin leza, mai ƙona abin hari da tsananin haske. A 2024 Birtaniya ta ce harbi ɗaya da nata makamin, DragonFire, bai kai fam 10 ba. Sai dai hazo da ƙura suna rage masa ƙarfi, kuma ɗaya bayan ɗaya yake kakkaɓowa. In jiragen suka taho gungu guda, tilas a koma ga makamai masu linzami.