Kalangu Cikin Akwati

A watan jiya mun halarci bikin aure a wani ƙauyenmu kusa da Mai Wurno. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, rabonmu da taro irin wannan, don haka kowa ya fito, yaro da babba.

Bayan isha'i wani saurayi ya ajiye fiyano ƙirar Yamaha, wanda a nan ake kira organ, ya haɗa shi da batirin da ya sha hasken rana tun safe. Yana danna maɓalli sai ga daluka, sai ga goge, sai kuma ga kalangu tangaran! Tsofaffi suka yi ta waige-waige suna neman makaɗi. Da muka tambaye shi, sai ya ce ɗaukar sautin kalangun gaske ake yi, a adana a filash, a raba wa maɓallai, na'urar kuma ta riƙa maimaita kiɗan ba gajiya. Ashe shi ma daga Kano aka turo masa ta waya, inda tun shekarun 1990 da fiyano ake kiɗan waƙoƙin fim.

Gaskiya mun ji daɗi, kuma ba ma ƙin sabon abu. Ai A'isha Falatiya, wadda ta rasu a 1974, tamu ce, kuma sabuwar na'urar zamaninta, wato Rediyon Omdurman, ita ta kai muryarta ko'ina a Sudan.

Amma a gefen fili mun hango tsohon makaɗin ƙauyen zaune, kalangunsa a cinya, ba wanda ya kira shi. Sai da uwar ango ta ce ita ba za ta taka ba sai an yi mata taken gidansu. Saurayi ya lalubi na'ura, babu. Tsoho ya miƙe, ya matse tsarkiya a hammata, kalangu ya kira sunan kakanta, ya bi zuriyar har zuwa waɗanda suka taso daga Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903. Matar nan ta taka tana hawaye.

To, a nan gizo ke saƙar. Akwati ya kwaikwayi muryar kalangu, amma bai san ɗan wane ne kai ba. Yaranmu da yawa Larabci ya fi musu sauƙi a baki, kuma ranar da tsohon nan ya kwanta dama, taken gidaje nawa za a binne tare da shi?

Shawararmu ita ce, mai biki ya gayyaci su biyun, a raba musu liƙi. Samari masu organ kuma su je gaban tsofaffin nan su koyi take, in za su ɗauki sautinsu su nemi izini, su biya.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai wata mai zuwa.