Jikka biyu don kallon kile

Duk wanda ya taɓa zaman fada a Tibiri ko Jiratawa daren Juma'a ya san wagga gardama. An sha shayi na farko, an ɗora na biyu, sai wani ya jawo salula ya nuna afish: gobe Asabar akwai gala a Maraɗi, mawaƙi zai zo daga Kano, shiga jikka biyu. Sai wani kuma, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman bashi, ya ce ai su wane ma suna da wasan kwaikwayo a gidan matasa, da kiɗi da waƙa da rawa, dala ɗari kacal. Sai a kwashe da dariya. Kafin a sauke shayi na uku magana ta ƙare, gala za a tahi.

Ni ina cikin masu cewa wannan zaɓi asara ne, kuma dariyar da ake yi wa mai kawo zancen wasan kwaikwayo, kanmu muke yi wa ita. Ku bari in faɗi dalilina, in ya so ku zage ni a fada.

Mu fara da lissafi. Ɗalibi ba shi da wikend biyu a aljihu ɗaya. Akwai kuɗɗin mota zuwa da komowa, akwai kabu-kabu cikin gari, akwai ɗan abin taɓawa, in kuma da wadda ka gayyato, komi ya zama biyu. Bursi kuwa kowa ya san halinta. Wanda ya haɗa jikka uku ko huɗu don fita guda, ya yi sati biyu yana danne kansa, wani ma ban ruwa ya yi a fadamar Jiratawa kafin ya same su. Kuɗɗin da anka sha wahala haka kafin a tara su sun cancanci a tambayi abin da za a saya da su.

To me ake saye a gala? An rubuta ƙarfe 8 na dare, ba a farawa sai wajen 11. Kafin nan mai gabatarwa ya cika muna kunne da kirarin alhazai da ƴan siyasa da ke kujerun gaba. Sannan yaran gari su hau ɗaya bayan ɗaya, kowa da minti uku, ba a ma faɗin sunansu da kyau. Can tsakar dare tauraro ya fito da baƙin gilashi. Ba makaɗi ko ɗaya bayansa, ba kalangu, ba gurmi, ko fiyano babu. Mai sono ya soka kile, waƙar da ke cikin salularka tun bara ta tashi, shi kuma ya riƙe mikro yana motsa baki. A Kano sunan wannan abu mamin. Da idona na ga daren da kuran ya ɗauke tsakiyar waƙa: kiɗi ya mutu, murya ta mutu, bakin mawaƙin bai ankara ba, ya ci gaba da motsi. Munka yi ihu, anka tada gurup, anka maido waƙar daga farko, munka ci gaba da tafi kamar ba abin da ya faru. Waƙa huɗu ko biyar, a yi liƙi, a ɗauki hoto, shi ke nan. Ka biya jikka biyu ka kalli kile, ka koma gida da bidiyo mai rawa wadda ba za ka sake buɗewa ba.

Na san abin da za a ce mini: kai ɗan hassada ne, kana ƙin Kano. A'a. Wa ya isa ya raba Maraɗi da Najeriya? Mu Katsinawa ne da Gobirawa, iyakar da ke bayan Ɗan Isa Turawa sunka ja ta, tsakaninmu da birnin Katsina ko kilomita 100 babu. Ina sauraren Nura M. Inuwa, ina sauraren Umar M. Shareef, kuma lokacin da Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta cika gari a 2020 ni ma na taka. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta yi wa harshen Hausa aikin da gwamnatoci ba su yi ba. In mawaƙi ya zo da makaɗansa ya buɗe baki ya rera, ni ne farkon layin tikiti. Rigimata da mai shirya gala ce, wanda ya gane cewa mu ƴan Maraɗi fuska kawai muke saye, don haka bai ga dalilin biyan motar makaɗa ba.

Kuma ku dubi Fati Nijar. Ɗiyar Maraɗi ce, amma sai da ta ƙetare zuwa Kano kafin mu san muna da ita. Yau in an ce za ta zo, sai mu yi tururuwa muna alfahari da ƴar gida. Su nawa ne irinta yanzu haka a Zariya da Bagalam da Mokoyo da Sabon Gari, masu murya, waɗanda muke yi wa dariya don shigarsu dala ɗari ce? Muna jira sai Kano ta buga musu hatimi sannan mu biya ninki huɗu mu gan su.

Abin da ya fi ba ni haushi, mun ɗauka wasan dandali baƙon abu ne gare mu, kayan Turawa ko na ƴan boko. Ku tambayi iyayenku. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, kowace unguwa da samariyarta. Tun daga 1976 da anka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram, kowace jiha tana tura ƴan wasanta su kara da na sauran a wasan kwaikwayo da rawa da waƙa, kuma kafin ka wakilci Maraɗi sai ka kada na ƙauyuka da gundumomi. Yazi Dogo, malamin lakwal ne, da Hausa ya riƙa sa ƙasa duka dariya ta rediyo da telebijin. Har wata baturiya, Janet Beik, ta zo ta yi bincike ta fitar da littafi sukutum kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a 1987. Kafin duk wannan akwai tashe cikin azumi, akwai wasan kara na Damagaram inda samari ke kwaikwayon sarki da manyan gwamnati da kayan karan dawa. Haɗa labari da waƙa da rawa a fili ɗaya gadonmu ne tun kaka da kakanni.

Ba ina cewa zamanin samariya aljanna ba ne. Mulkin soja ne, kuma wasanni da yawa saƙon gwamnati sunka ɗauka, wanda ya kauce ya san sauran. Amma ya bar muna darasi guda: in akwai dandali, akwai gasa, akwai ƴan kallo, gwanaye suna fitowa. Haka kokowa ta yi. A 1975 anka fara gasar takobi ta ƙasa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, yau filin kokowarmu sunansa yake ɗauke da shi, kuma har gobe in ana takobi ba mai sauraren kowa sai rediyo. Kokowa ta rayu don mutane ba su daina cika fili ba. Wasan kwaikwayo ya rame don mun daina zuwa.

Yanzu bari in juyo kan abokaina ƴan wasa, don su ma ba su kuɓuta ba. Da ƴan kallo sunka watse, ƙungiyoyin agaji sunka zama iyayen gida. Su ke biya, don haka su ke zaɓen labari. Sakamakon kowa ya gan shi: wasan faɗakarwa. Uba jahili zai aurar da ɗiyarsa, mushe ko likita ya shigo ya yi huɗuba da rabin Faransanci, uba ya tuba nan take, kowa ya riƙe hannun kowa a yi waƙar rufewa. Gobe a canza auren wuri a sa gidan sauro, jibi a sa wanke hannu. Auren wuri matsala ce ta gaske a jiharmu, ba mai musu. Amma wasan da tun minti biyar na farko ka san ƙarshensa, wanda mugu ba shi da hujja kuma nagari ba shi da aibi, ba ya canza zuciyar kowa. An rubuta shi ne don mai rahoto ya ɗauki hoto ya ƙirga kawuna. Shiga kyauta ce, har da lemu wani lokaci, shi ya sa matasa sunka koyi cewa wasan gida abin banza ne da sai an roƙe ka ka kalla.

Nan ne dala ɗarinka take da nauyin da ba ka zato. Ƙungiyar da ke rayuwa da tikiti dole ta ji tsoron ɗan kallo. In ta gundure ka ba za ka komo ba, don haka dole ta gyara labari, ta yi repetisiyo da gaske, ta nemo makaɗin da ya iya. Ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗɗin aikin agaji, mai sa hannu a takarda kawai take tsoro. Mai biyan makaɗi shi ke zaɓen taken da za a kaɗa masa. In muna son wasan da ke magana da mu, mu za mu biya, ba wata hanya.

Kuma labaran suna nan zube, ba wanda ya taɓa su. Ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa anka tada tsohon Maraɗi daga kwari anka maido shi bisa tudu: wa ya yarda ya tashi, wa ya ƙi barin kushewar iyayensa? Gobirawa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, yadda sunka sake kafa gari a Tibiri da abin da ya rage musu. Zamanin gujiya da tasowar alhazan Maraɗi. Manomin Jiratawa da kuɗɗin ruwa na koperatif, da matan da ke tsinkar zogale wani can ya ci ribarsa. Rufe iyaka na 2019, da na 2023 lokacin da anka yanke muna kuran daga Najeriya, da yaran da sunka koyi bin hanyoyin daji da babur. Ɗalibin da ya gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya koma tuƙin adaidaita da digirinsa a ƙarƙashin kujera. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya isa wasa na awa biyu da waƙoƙinsa. Marubucin Kano ba zai rubuta muna su ba, kuma ba laifinsa ba ne, yana da nasa.

Akwai masu cewa, to ai wasan namu ba shi da kyau: sono na ƙara, labule zanen gado ne, ɗan wasa na manta magana. Gaskiya ne, sau da yawa haka ne. Amma wanda ya manta magana a gabanka ya kuma kama ta da dabara har jama'a sunka yi tafi, ya yi abin da kile ba ta iyawa. Kuma sono da fitila da labule da kuɗɗi ake sayensu. Mu hana su tikiti sannan mu zarge su da tsiya, wannan shi ne a daki mutum a hana shi kuka.

Akwai kuma maganar dare, wadda ta fi shafar ƴan'uwanmu mata. Gala da ke tashi ƙarfe 2 na dare, wace ɗiyar mutunci daga Tibiri za a bari ta je, kuma da wace mota za ta koma? Rabin matasan jiha an riga an cire su daga lissafi. Wannan dama ce ga ƴan wasan kwaikwayo in suna da wayo. Ku fara bayan la'asar, ku tsaya a yi magariba, ku ƙare kafin motocin ƙarshe su bar tasha. Ku rubuta lokaci a afish kuma ku cika shi. Wasan da uwa za ta iya zuwa da ɗiyarta, malamin unguwa ma ba zai sami abin cewa ba. Kuma kada ku tsaya a gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga kuna jiranmu. Tibiri da Jiratawa ba su kai tafiyar rabin awa ba, filin lakwal ya ishe ku.

Ga abin da nake roƙon kowane mai karanta wannan ɗan littafi. Kafin ka miƙa kuɗɗinka a ƙofa, ka tambayi mai sayar da tikiti: da makaɗa anka zo ko da kile? In ya fara kame-kame, ka san amsa. In wasan kwaikwayo ne, ka tambaya: wa ya rubuta, kuma wa ya biya? In ka ga tambarin masu tallafi ya fi sunan wasan girma a afish, ka shirya jin huɗuba. In kuwa ka iske yaran gari ne sunka haɗa kuɗɗinsu sunka kama zaure, da mai kalangu da mai ganga zaune gefen dandali, ka shiga, ka biya cikakke, kada ka nemi a shigar da kai don kun yi aji ɗaya da mai tsaron ƙofa. In wasan bai yi ba, ka tsaya bayan an tashi ka faɗa musu a fuska inda ya gundure ka. Ka rubuta sharhi ka kawo muna, mu buga a fitowa ta gaba, ko yabo ne ko suka.

Mu kuma da ke kiran kanmu marubuta, muna buga waƙoƙin soyayya a fotokopi muna raba wa junanmu, ya kamata mu ji kunya. Ƴan wasa na yawo suna neman labari, mu muna zaune da alƙalami. Ina ba ƙungiyarmu shawara: kafin babban hutu, mu zaɓi ɗaya cikin labaran can na sama, mu rubuta shi da waƙoƙinsa, mu miƙa wa wata ƙungiyar wasa ta gari, mu kuma sayar musu da tikiti aji-aji, fada-fada. Wanda ke da ra'ayi ya zo taronmu na gaba da shafi biyu a hannunsa.